Idon da Injiniya Ya Ara

Wata a cikinku ta rubuto tana tsokanata, wai ni wace irin budurwa ce da rana na faɗuwa sai in shige ɗaki kamar kaza. Na yi dariya sosai, don ba ta san ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi ba. To 'yar'uwa, gyara zama. Yau zan faɗi abin da aka hana ni faɗa a gidanmu, in kun ga ina kewaye-kewaye ku yi min uzuri, maganar ba ta saba fita daga bakina ba.

Dundumi gare ni. Da rana idona ras yake, ina koyar da 'yan aji uku, kuma daga gaban allo ina hango mai cin alewa a kujerar ƙarshe. Amma da zarar haske ya fara ja da baya, nawa garin ya riga na kowa rufewa. Lokacin da kuke cewa ai da sauran gari, ni laluben bango nake yi. A wurin Abba na gada. Shi ma da dundumi ya fara yana saurayi, yau ga shi kullum a kujerarsa ta bakin taga da rediyo a cinya, da takunmu yake gane mu. Likita bai rufe ni ba, ya ce nawa irin na Abba ne, daga gefe yake ci a hankali, kuma babu wanda ya san saurin tafiyarsa.

Duk wanda ya shigo gidanmu zai ce Umma ta cika tsari. Ba a kawar da kujera daga inda take, ba a barin bokiti a hanya, akwai farin ƙyalle ɗaure a hannun ƙofar bayi, fitilar tsakar gida kuwa tun rana da sauranta ake kunna ta. Baƙi suna yaba tsafta, mu kuma mu ce mun gode.

Na taɓa gaya wa wani. Ma'aikacin banki ne, mai yawan turare da yawan alkawari. Ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya ce wannan ai ba komai ba ne, daga nan saƙonninsa suka dinga ramewa har suka mutu. Tun lokacin Goggo, yayar Abba, ta kafa min doka kada in sake gaya wa kowa.

Sai ga Injiniya. Kamfaninsu yana sa fitilun nan masu kunna kansu in duhu ya yi, kuma a makarantarmu muka haɗu, yana bisa tsani ina ƙasa ina korar yara kada su kayar da shi. Malama yake ce min, har yau bai canja ba. Dogo ne, ba shi da hayaniya, aljihun rigarsa kullum da sukudireba kamar yadda wasu ke soka biro. Da yamma likis ba ya ganina, don Goggo ta gaya masa gidanmu ba a karɓar baƙi in rana ta yi sanyi. Bawan Allah ya ɗauka tarbiyya ce, har yabawa yake yi. Idon Abba kuma an ce masa tsufa ne. A haka magana ta yi nisa, manya suka shiga, ya kama gida ya fara gyara.

Ranar da na ce zan gaya masa, muna ɗakin Umma ana ninke wanki.

"Ki gaya masa me?" in ji Goggo. "Ke makauniya ce?"

"A'a, Goggo, amma..."

"To ki rufe min baki. Wace mace ce ba ta da abin da take shiga gidan miji da shi a ƙulle? In an ɗaura, ya gani da kansa, lokacin ya riga ya san daɗinki. Wancan mai turaren da kika buɗe wa ciki, yana ina yanzu?"

"Goggo, ba a wanka a ɓoye cibi."

"Ji min yarinya da karin magana! To ba wanka na ce ki yi ba, shiru na ce ki yi."

Na dubi Umma ko za ta sa baki. Ta ci gaba da ninke zanin gado, ta daidaita gefe da gefe kamar za a ba ta maki. Ni kuwa gaskiya tsoro nake ji. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma wannan karon son da nake yi ya fi na baya nesa ba kusa ba. Na fasa gaya masa.

Ana nan, wata Alhamis ina cikin duba aikin yara, wayata ta yi ƙara.

"Malama, Asabar ku zo da Yaya ku auna tagogi saboda labule."

"To, Yallaɓai. Da safe ko?"

"Da hantsi. Kuma zan ari idonki na ɗan lokaci."

Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, daga ƙarshe na tura: "Idona kuma? Me ya sami naka?"

"Nawa zai kasance a kan mitar auna haske. Abokin aikina da ke zame min ido ya yi tafiya. Aikin ba wuya, kallo kawai za ki yi."

Har da ɗan hoton fuska mai dariya ya haɗo min. Na daɗe ina kallon fuskar nan.

Asabar na sa doguwar rigata ruwan zuma da mayafi mai ruwan madara, na zizara kwalli, abin dariya, kamar kwalli zai ƙara wa ido aiki. Takalmi mara tudu na sa, don ban yarda da matakalar da ban sani ba. Yaya, babbar yayata, ta zo da tef ɗin awo a jaka da jaririnta a kafaɗa, ta bar shi wurin Umma muka fita. A hanya na nuna mata saƙon. Ta yi tsaki ta ce, "Da rana tsaka me zai faru? In ma wani abu ne ina kusa."

Gidan ƙarami ne mai kyau. Falo yana warin sabon fenti, an jingina katifa da bango cikin ledarta, a kicin akwai butar shayi da kofi ɗaya tal, alamar gwauro. Na zaga ko'ina ina ƙirga ƙofofi da kwanoni a raina yadda na saba, ina haddace inda dakali yake da inda bango ya karya. Shi kuma yana biye da ni yana murna, ya ɗauka sha'awar gidan ce ta sa nake shafa bango.

Da Yaya ta gama awon falo, ya kai mu ƙaramin ɗakin da ya mayar wurin aiki. Tebur cike da wayoyi, ga wani ƙwan fitila a rataye, ga farin kati manne a bango, taga kuma an toshe ta da bargo mai kauri. Ya ɗauko wani abu ya ajiye min a tafin hannu, bai fi ƙwayar wake ba.

"Wannan shi ne sensa. Mu ɗan ido muke ce masa. Shi ke auna haske ya gaya wa fitila ta kunnu ko ta mutu. Irinsa ne a goshin wayarki, mai rage hasken fuskarta in kin shiga ɗaki."

"Ɗan wannan abin?"

"Kada ki raina shi, da rana gwani ne. Matsalarsa in haske ya yi ƙasa sosai. Kin san sikelin da ake auna buhu? Ɗora masa ɗan kunnenki, me zai nuna?"

"Babu."

"Ɗora masa guda biyu."

"Babu dai."

"To haka yake. Akwai iyakar da in an sauka ƙasa da ita, ɗan haske da rabin ɗan haske da baƙin duhu duk ɗaya ne a wurinsa, sifili yake rubutawa. Ga shi an ba mu aikin barandar ɗakin yara a wani asibiti. Ana son haske kaɗan da dare, wanda ba zai tashi yaro ba, amma nas ta ga gabanta. Daidai wurin da ɗan idon nan yake makancewa ke nan."

Yaya ta ce, "To sai yaya?"

"Sai mu koma ga idon da Allah Ya yi. Idon mutum in ya ɗan zauna a duhu ya saba, ya fi wannan nesa. Ni zan dinga murɗa fitila ina rage ta kaɗan-kaɗan, Malama ta kalli katin can, duk lokacin da ta ga ya canja ta ce min. Da haka zan san matakan da shi ba ya gani."

Ni da Yaya muka haɗa ido. Ta yi maza ta ce, "Kawo ni in yi maka, ita Auta ba ta da natsuwa."

Ya yi dariya. "Yaya, ke da tabarau? Ai sabon ido nake so."

Jama'a, kun ji inda ƙaddara ta kai ni. Duk faɗin garin nan, mutumin da ya rasa idon aro sai nawa.

Ya ba mu benci muka zauna, ya ja ƙofa, ya kashe babbar fitila. A take komai ya tafi. Ba katin ba, ko hannuna ban gani ba. Ina jin numfashin Yaya a gefena da motsinsa can wurin tebur, ya lulluɓe fuskar mitar da ƙyalle don kada haskenta ya dame ni.

"Mu ɗan jira idonki ya saba," in ji shi.

Na ce to. Na san ko kwana za mu yi nawa ba zai saba ba.

"Kina ganin katin?"

Yaya ta taka min ƙafa.

"Ina gani."

"Madalla. Na fara."

Wani ɗan sauti ya fito, ƙas. Yaya ta sake taka ni, na ce, "Ya ragu." Ƙas, shiru, ba ta taka ba, na yi gum. Ƙas, ta taka, na ce, "Ya ragu." Haka muka yi ta yi, shi yana murɗawa, Yaya tana gani, ni ina bakin magana. Har yana cewa, "Kai, Malama, idonki kamar na mage." Na yi 'yar dariya, amma kunya ce ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Sai wayar Yaya ta ɗau ruri a jaka. Umma ce, jariri ya tashi yana tsala kuka. Ta matse min hannu, ta lalubi ƙofa ta fita, ta bar ta a ɗan sakaye. Ya ce mu sake jira kaɗan saboda hasken da ya shigo. Na zauna ina addu'a Yaya ta dawo, ina jiyo muryarta a falo tana rarrashin yaro ta waya.

"Mu ci gaba."

Yanzu kunnena kaɗai ya rage min. Na ce a raina, duk ƙas biyu zan ce ya ragu, haka na lura Yaya take yi. Ƙas. Ƙas.

"Ya ragu."



"Kin tabbata?"

"Eh."

"Ikon Allah. Ban taɓa fitilar ba fa. Maɓallin mita na murɗa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji ya ce, "Tsaya, tsaya. Kada ki ɗauke ido daga katin. Ba zan taɓa komai ba. In kin ga ya motsa ki faɗa."

Da na yi shiru a nan, wataƙila da na tsira. Amma mai ƙarya ba ya son shiru. Na ɗan jira, na ce, "Kamar ya ƙaru." Na sake jira, na ce, "Ya koma."

Na ji ya ja kujera ya zauna da ƙarfi.

"Inna lillahi. Wato fitilar da kanta take hawa da sauka, ɗan idon bai isa ya gani ba, shi ya sa mita ba ta nuna min komai. Malama, kin san me kika gano? Irin wannan ƙwan muka jera a barandar yaran nan gaba ɗaya. Ni na zaɓe shi, ni na ce wa oga na gwada shi."

"Wataƙila... wataƙila idona ne."

"A'a. Tsakanin idonki da wannan ƙwayar waken, wa zan yarda da shi? Jibi za a buɗe ɗakin. Gara in kira oga yanzu a dakatar, a cire su duka. Faɗan da zai yi ya yi, laifina ne."

Ko kusa bai kawo a ransa ni ce matsalar ba. Mutumin da ke gwada wayar lantarki sau uku kafin ya yarda da ita, ni ya yarda da ni ba gwaji, har zai je ya ɓata sunansa a wurin aiki, a hana yara marasa lafiya ɗakinsu, saboda abin da ban gani ba. Na ji yana laluben wayarsa a kan tebur.

"Injiniya, kada ka kira."

"Dole ne, Malama."

"Fitilarka lafiyarta ƙalau. Ni ce ban ga komai ba."

"Ban gane ba."

"Tun da ka kashe babbar fitila ban ga katin ba. Ko kai ba na gani. Yaya ce take taka min ƙafa, da ta fita kuma ƙarar maɓalli nake bi. Dundumi gare ni. In haske ya yi ƙasa ba na gani, tun ina yarinya."

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ni da halin ganin fuskarsa. Shi yana ganin tawa sarai, hawaye da kwalli da komai, ni kuwa sai numfashinsa nake saurare ina ƙoƙarin fassara shi.

Can ya ce, "Shi ya sa ba a zuwa gidanku da yamma."

"Eh."

"Wa ya sani?"

"Kowa a gida."

"Ban da ni."

Na fara tattara mayafina. Sai ya ce, a hankali, da muryar aiki, "Zauna. Zan dinga ƙara hasken. Wannan karon ki gaya min gaskiya, daidai inda kika fara ganin katin."

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Babu komai. Ya ci gaba. Na ji ya ɗage ƙyallen mita ya ce, kamar da kansa yake, "Ɗan ido ya fara karantawa." Ni har lokacin duhu ne. Ƙwayar waken da yake rainawa ta riga ni gani, kuma ba da kaɗan ba. Ya yi ta murɗawa, ni ina ta cewa a'a, har na fara jin nauyin a'ar. Daga bisani wani abu fari-fari ya taso a bango.

"Nan," na ce.

Ya ƙara kaɗan. Tebur ya fito, sannan kafaɗarsa, sannan fuskarsa. Ba ni yake kallo ba, lambar da ke kan mita yake kallo.

"Mu je, Yaya tana jira," ya ce.

Har bakin titi ya raka mu, ya tsayar mana da mota, ya yi wa Yaya godiyar awo. Ni ya ce min, "Ki gaida su Umma." Shi ke nan. Yaya ta ga kwallina ya zubo, ba ta tambaye ni komai ba sai da muka yi nisa.

A gida kuwa Goggo ta yi ta tafa hannu. "Shi ke nan, ta kashe kanta da bakinta! Ke wace irin yarinya ce da ba a rufa miki asiri ya rufu? Sai ki zauna ku yi ta sauraron rediyo ke da ubanki." Abba yana jin ta daga bakin taga, ya rage muryar rediyon.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, babu saƙo. Mutumin da ko shayi ya ƙona masa harshe sai ya rubuto min. Ina shiga waya in ga yana kan layi, in fita. Ina koyar da yara jimla, hankalina yana cikin jaka.

Ran Litinin ina tsefe kai a ɗaki Umma ta shigo, ta karɓi matajin daga hannuna ta zauna a bayana.

"Ni ma ba a gaya min ba," ta ce.

Na juyo, ta mayar da kaina gaba.

"Sai bayan an kawo ni na ga Abbanku yana karo da ƙofa. Na zauna, kuma ban taɓa nadamar zama da shi ba. Amma da an tambaye ni, da na fi son a ce ni na zaɓa da idona biyu. Goggonku ta ɗauka na manta."

Ta ci gaba da taje min kai. Na yi kukana a hankali don kada Abba ya ji.

Jiya da yamma mijin Yaya ya biyo ɗaukarta. Mutum ne mai barkwanci, kuma ba a gaya masa abin da ya faru ba. Tun daga ƙofa yake dariya.

"Auta, wannan injiniyan naki anya ya iya aikinsa? Yanzu na wuce ta gaban gidan naku. Rana tana sama, kowa yana ganin allura a ƙasa, amma fitilunsa duk sun kunna kansu, ta ƙofa, ta baranda, har ta kan matakala. Maƙwabta sun tsaya suna kallo. In wannan ne gwanin, to a kai kasuwa."

Yaya ta saki cokalin da ke hannunta. Umma ta dube ni. Ni kuwa na miƙe na shige ɗaki. Na san lambar da aka sa wa fitilun nan, a gabana aka karanta ta.

Ina zama a bakin gado waya ta yi ƙara.

"Malama, yaushe za ki koma wurin likitan idon? Ina so mu je tare. Akwai tambayoyin da nake son yi masa."

Ku da kuke biye da ni kun san abin da shi bai sani ba. A ɗakin aikinsa rabi na gaya masa. Na ce ba na gani in haske ya yi ƙasa, ban ce masa abin tafiya yake yi ba, ban ce masa ya dubi Abba ba. Ya saita fitilunsa a kan idona na yau, kuma idon nan ba nan zai tsaya ba. Likitana kuwa ba ya tauna magana, in aka tambaye shi zai zayyana komai.

Daga tsakar gida ina jiyo Goggo tana tambayar wa ya yi min waya. Zan iya cewa likitan ya yi tafiya. Zan iya cewa sai wata mai zuwa. Na ƙara hasken wayar har ƙarshe don in ga haruffan da kyau, na rubuta, "Laraba da safe. Amma ka fara biyowa ta gida, ka zauna da Abba tukuna." Na tura kafin zuciyata ta hana ni.

Nan take alama ta nuna ya karanta.